Ana iya gwada gobara a kwamfuta kafin a aza tubali?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina shirin gina bene kusa da babbar kasuwar Maradi, ƙasa sito na katifu da atamfa, sama ɗakunan teloli. Wanda ya zana mini ginin ya ce a biya wani masani ya gwada gobara a kwamfuta kafin a fara aiki. Wannan abu gaskiya ne, ko hanyar cin kuɗi ce? Daga wani ɗan kasuwa a unguwar Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa wa ginin albarka. Abin gaskiya ne, kuma gini irin naka ya cancanci a yi masa.

Ana shigar da zanen ginin cikin kwamfuta da duk awonsa, ƙofofi da tagogi da matakala, sai a rarraba sararin ciki zuwa ƙananan akwatuna, misali santimita 10 kowane gefe. A cikin kowane akwati na'urar tana lissafa zafi da hayaƙi da inda iska ta nufa, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Manhajar da muka fi aiki da ita sunanta FDS, hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, wato NIST, ce ta fito da ita a shekarar 2000, kuma kyauta ake samun ta. Kuɗin da za ka biya na ilimin mutumin ne da lokacinsa, domin gwaji ɗaya yakan ci awoyi, wani lokaci kwanaki.

Matakalarka ce ta fi damuna. A 1987 wuta ta kama matakalar katako a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta King's Cross da ke Landan, mutum 31 suka rasu. Da aka maimaita gobarar a kwamfuta, sai aka ga harshen wutar ya kwanta cikin kwarin matakalar ya ruga sama, maimakon ya miƙe tsaye. Masana da kansu sun yi shakka, har sai da aka haɗa ƙaramar matakala aka cinna mata wuta, ta yi daidai abin da kwamfuta ta nuna. A naka ginin, soso yana ƙasa, mutane suna sama, hanyar da hayaƙi zai bi ya hau ita ce hanyar da teloli za su bi su sauko.

Lokaci biyu ake aunawa: minti nawa kafin hayaƙi ya sauko daidai kan mutum ya rufe masa gani, da minti nawa mutumin ƙarshe a ginin zai ɗauka ya fita. Dole na farko ya zarce na biyu da tazara mai kyau. Wutar da muke kira mai sauri tana kai ƙarfin megawat ɗaya (ma'aunin yawan zafin da wuta ke fitarwa) cikin daƙiƙa 150, kuma in lokacin ya ninka, ƙarfinta ya ninka sau huɗu. Hayaƙin katifa baƙi ne ƙirin, mai guba, yakan kayar da mutum tun wuta ba ta iso shi ba. In zafin da ke ƙarƙashin rufi ya doshi digiri 600, duk abin da ke ɗakin sai ya kama lokaci guda.

Sai dai Alhaji, kwamfuta abin da aka gaya mata kawai ta sani. In ka ce katifa 50 za ka ajiye alhali kafin salla har rufi kake jera su, lissafin ya tashi a banza. Ka faɗi jarkar fetur ɗin janareta da inda take zama. Ka faɗi ƙofar bayan da ake garƙamewa da kwaɗo saboda ɓarayi. A sa iskar hunturu ma cikin lissafi.

Mu 'yan Maradi ba mu manta da watan Nuwamban 2021 ba, ranar da azuzuwan zana suka ƙone da yara fiye da 20 a ciki, Allah ya jiƙansu. Wannan haɗari ido ma yana ganinsa, haka kuma shago mai ɗaki ɗaya ba ya buƙatar wannan gwaji. Bene mai mutane a sama kuwa, ido kaɗai ba ya iya lissafa shi.

In za ku yi yarjejeniya, ka nemi a gwada aƙalla sau biyu, ɗaya da ƙofofi duka a buɗe, ɗaya da babbar ƙofa a toshe. Kada ka karɓi hoton wuta mai motsi kawai, a rubuta maka lokutan nan biyu a takarda. In suka yi kusa da juna, a ƙara matakala ta biyu ta waje tun ginin yana kan zane.