Na sa wa na'urar gano ƙarfe Bluetooth ta rikice, kuma an ce eriya za ta sa ta jiyo zinare daga nesa

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai gyaran rediyo da waya ne a Talata Mafara. Na harhaɗa na'urar gano ƙarfe irin ta BFO, wato wadda sautin kukanta ke sauyawa in ta kusanci ƙarfe, tana aiki lafiya lau. Wayar iyafis ce ke yawan maƙalewa a ƙaya tana tsinkewa, sai na jona ƙaramin allon Bluetooth a batirinta. Tun daga nan take kuka ita kaɗai ko babu ƙarfe a kusa. Ko na ƙona wani abu ne? Ga shi kawuna ya ba ni kuɗi, don an ce masa in aka sa mata eriya za ta jiyo zinare a zurfin mita 10. Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, da wuya in ka ƙona wani abu. Ka san kukan BFO daga ɗan bambancin saurin kaɗawar sassa biyu yake fitowa, kuma ƙaramin motsi a ƙarfin wuta ya isa ya gusar da shi. Shi kuwa allon Bluetooth fizgar wuta yake yi guntu-guntu duk sanda zai aika saƙo. Ka haɗa su a batir ɗaya, dole ta yi ta kuka.

Ka ba allon nasa batir daban, shi ne mafi sauƙi. In ya zama dole su yi tarayya, kowanne ya samu regileta tasa mai daidaita ƙarfin wuta, ka sa kafasita (mai tara wuta) 100nF da wata 470µF dab da ƙafafun wutar allon. Ka ɗaure shi can sama wajen mariƙi, nesa da koyil, wato naɗin wayar da ke ƙasan sandar, domin shi ma ƙarfe ne. In nan gaba ka koma irin ta PI, mai aika bugun wuta cikin koyil, ka raba na'urar da allon Bluetooth da PC817, ɗan abin da ke tsallakar da saƙo ta haske ba tare da wuta ta bi ba, saboda koyil ɗinta na tofo wuta ta ɗaruruwan bolt a duk bugu.

Amma ni ban cika son Bluetooth na gama-gari a wannan aiki ba. Sautinsa na makara da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. In kana kaɗa sandar da saurin mita ɗaya a daƙiƙa, kafin ƙarar ta iso kunnenka koyil ya wuce abin da kusan santimita 20, sai ka yi tono a gefe. Nau'in Bluetooth mai aptX Low Latency ya rage jinkirin zuwa wajen milisakan 40, amma sai mai aikawa da iyafis duk suna da shi. Mafi araha shi ne ƙaramin mai watsa FM mai rauni da za ka kama da rediyon aljihu, shi ba ya makara. In kuma alama kawai kake so, fitila ko ƙara, ka nemi ƙananan alluna biyu na 433 megahaz, mai aikawa da mai karɓa, ka yanka musu eriya santimita 17.

To, yanzu maganar kawu, wadda ta fi damuna.

Eriya ba ta ƙara zurfi ko da faɗin yatsa. Aikinta ɗauko abin da koyil ya riga ya ji ta kai kunnenka, kamar ɗan aike: abin da aka ba shi yake kaiwa. Ji kuwa aikin maganaɗisun koyil ne, kuma yana mutuwa da sauri ƙwarai. In zurfi ya zarce faɗin koyil, sai ƙarfin ya ragu wajen zuwa, ya sake raguwa wajen dawowa, har in ka ninka zurfin sau biyu alamar ta ragu kusan sau 64. Shi ya sa na'urorin kamfani masu tsada ma suke jin tsabar kuɗi a ƙafa ɗaya ko ƙasa da haka. Taka ta BFO, in ta kai tsawon ɗani ka gode Allah. Mita 10 fa? Wanda ya faɗa wa kawu haka, ko bai sani ba ko yana da abin sayarwa.

Kullum sai an kawo mini irin kayan nan: akwati mai ƙyalli, eriya biyu masu juyawa, da ramin da ake sa ɗan gutsuren zinare wai don ta "san ƙamshinsa". Ka buɗe ciki ka ga batir da fitila da wayoyin da ba su je ko'ina ba. Hannun mai riƙewa ne ke juya eriyar. Kuma ba a nan aka fara ba. A 2013 kotu a Ingila ta ɗaure wani ɗan kasuwa mai suna James McCormick shekara 10 kan sayar da ADE 651, wai na'urar gano bam, wadda aka yi ta amfani da ita a shingayen bincike a Iraƙi alhali ba ta gano komai. Dabarar ɗaya ce, suna kawai ake sauyawa.

Sannan ka dubi yadda zinaren ƙasarmu yake. Yawancinsa a yankin Anka, Maru da Bukkuyum ƙananan ƙwayoyi ne a cikin farin dutse, shi ya sa sai an fasa an niƙa an wanke. Na'urar gano ƙarfe dunƙule take ji, ba ta jin gari. Ga jar ƙasarmu da marmara cike da ma'adinin ƙarfe, su ma suna sa ta kuka. Mutum ya ji kukan nan ya ce arziki ne, ya tara matasa su yi ta nutsa rami babu tokari har ƙasa ta rufta. Ko ya kwashi dutsen ya kai gida a niƙa a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. Mun manta 2010? Gubar dalma daga irin wannan niƙa ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo, aka kankare ƙasar gidaje, ƙauyen Bagega kuwa aikinsa bai samu ba sai 2013. Babu na'urar hannu irin taka da za ta gaya maka dutsen da ka ɗauko yana da dalma.

Ka kuma tuna halin da ake ciki. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage a Disambar 2024, amma ɗagewar ba ta soke neman lasisi ba. Kuma mutum a daji da akwati mai eriya, jami'in tsaro ba zai tsaya sauraron bayanin BFO ba, ɗan bindiga ma haka.

Ka kira kawu wani fili kusa da gida. Ka binne zobe a zurfin santimita 5, da 10, da 20, da 40, ka gwada a gabansa, da eriya da babu. In wanda ya faɗa wa kawu zancen eriyar ya yarda, shi ma ya zo, amma wani ne zai binne ba a idonsa ba. Bayan nan ka cire kuɗin batir da kafasita, ka mayar wa kawu sauran.