Yara na son kunkuru, in sayo musu?

Ɗan'uwa, ka ce yaranka sun matsa a sayo musu ɗan kunkuru, kana tambaya ko kiwonsa na da wuya.

Fara sanin irinsa tukuna. Babban kunkurun Sahel, irin na Nijar da Chadi da Sudan, yana fitowa daga ƙwai bai cika tafin hannu ba, amma yakan wuce kilo 40, ya kuma haura shekara 50 a duniya. Ga haƙa rami, har ƙarƙashin katanga. In tsakar gidanka siminti ce, ko haya kake, ni dai ban ba ka shawara ba. Na dajin ma raguwa suke yi, saboda haka ka tambayi mai sayarwa inda ya samo shi.

Abincinsa ciyawa ce da ganye, sauran tuwo da burodi cutar da shi suke yi. Yana son rana da inuwa, da mafaka lokacin hunturu.

Kada a huda bayansa don ɗaura igiya, yana jin zafi. Yara su wanke hannu da sabulu in sun taɓa shi, domin kashinsa kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela, mai sa gudawa da zazzaɓi. In ya daina ci, ko hancinsa na yoyo, sai likitan dabbobi.