Filin Tambaya da Amsa: Firintar Ofishinmu Tana Ɓacewa Daga Kwamfutoci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sakatariya ce a wani ofishin lauyoyi a Kaduna. Muna da firinta guda ɗaya da kwamfutoci shida ke aika mata aiki ta Wi-Fi: huɗu masu Windows, ɗaya Mac, ɗaya kuma mai Ubuntu. Yau kowa ya buga takardarsa lafiya, gobe masu Windows da mai Ubuntu su nemi firinta su rasa, alhali mai Mac yana ta bugawa. Sau biyu muna kiran mai gyara, yana cewa kalau take. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Mai gyaran nan gaskiya ya faɗa miki, domin alamun da kika zayyana sun fi nuna cewa adireshin firintar ne ke sauyawa. Duk na'urar da ta shiga hanyar sadarwar ofis, rauta ce, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ke ba ta aron lamba da ake kira adireshin IP, ta wani tsari mai suna DHCP. Idan aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, rauta takan mutu ta sake tashi, kuma wata rautar takan sake rabon lambobin gwargwadon wanda ya riga zuwa. Firintar da jiya take 192.168.1.104 sai ta wayi gari a 192.168.1.107, kwamfutocin da aka saita da tsohuwar lamba kuwa su ci gaba da sallama a ƙofar gidan da mai shi ya riga ya tashi. Mac yana tsira ne saboda da suna yake neman firinta, ta tsarin Bonjour na kamfanin Apple.

Ki tabbatar da wannan da kanki a ranar da abin ya sake faruwa. Ki shiga saitin firintar ki buga shafin bayanan sadarwarta, ki ga lambar da take ɗauke da ita, sannan a Windows ki buɗe "Printer properties", ki duba sashen "Ports". Idan lambobin biyu sun saɓa, an kama ɓarawo.

Maganin shi ne a ba ta lamba ta dindindin. A wannan shafin da kika buga akwai adireshin MAC (ba kwamfutar Mac ake nufi ba), haruffa da lambobi 12 da ke zaman shaidar firintar tun daga masana'anta. Wanda ke kula da rautarku ya shiga saitinta ya keɓe wa wannan adireshin lamba guda, ta yadda ko sau goma wuta ta ɗauke, ita za a mayar mata. Daga nan a cire firintar daga kowace kwamfuta mai Windows, a sake saka ta da wannan lambar ta "Standard TCP/IP Port", a guji WSD, tsarin da Windows ke gano firinta da kansa, wanda a ganina shi ya fi yawan kawo wannan ɓacewar. Idan duk da haka tana nuna "Offline" alhali a kunne take, a shiga saitin wannan "Port" ɗin a cire alamar da ke kan "SNMP Status Enabled". Mai Ubuntu kuma ya saka ta da lambar ta IPP, tsarin aika wa firinta aiki ta hanyar sadarwa.

Akwai abin da nake roƙon ku kada ku yi, wato a jona firinta a kwamfuta ɗaya sauran su riƙa bi ta cikinta. Ranar da mai kwamfutar ya kashe ta ya tafi kotu, aikin kowa ya tsaya. Kuma tun bayan gyare-gyaren tsaro da Microsoft ya fitar a 2021 don toshe kafar da aka kira PrintNightmare, irin wannan rabon ya yi ta haifar da saƙon kuskure mai lamba 0x0000011b.

Idan firintar tana da mashigar kebul, a ja mata kebul daga rauta, domin ya fi Wi-Fi tabbas nesa ba kusa ba. Rautar kuma a saya mata ƙaramin UPS, wato batirin ajiyar wuta, da zai riƙe ta kafin janareta ya tashi, amma kada a jona firinta mai amfani da garin tawada a kansa, saboda wutar da take ja lokacin da take ɗumama kanta ta fi ƙarfinsa.