Amsa Ga 'Yar'uwar Da Aka Ce Ta Biya Kuɗi Ta Kawo Mutum Biyu

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na karanta tambayarki, inda kika ce kin gama bautar ƙasa kina zaune a gida babu aiki, sai wata ƙawarki ta makaranta ta kai ki taro a wani otal a nan Jos, aka ce ki biya naira dubu 120 a ba ki ƙunshin shayin gyaran jiki da ƙwayoyin ƙarin lafiya, sannan ki kawo mutum biyu su yi rajista a ƙarƙashinki, daga nan kuɗi ya riƙa shigo miki duk mako. Kin tambaya ko sana'ar gaskiya ce ko yaudara, tunda kamfanin yana da kaya a hannu, yana da rajista, kuma ƙawar taki ba maƙaryaciya ba ce. Ni mai kemis ne a wajen titin Bauchi, kuma shekara da shekaru masu wannan kasuwanci na netwok suna zuwa shagona, wasu don in ajiye kayansu in sayar musu, wasu don su shigar da ni, wasu kuma daga baya don su roƙe ni in karɓi abin da ya rage a hannunsu ko da a rabin kuɗi ne. Shawarata ita ce kada ki biya.

Kafin ki dubi kyawun kwalin ko girman otal ɗin, ki fara tambayar kanki: kuɗin da za a riƙa biyana duk mako, daga aljihun wa zai fito? A shagona, idan mai ciwon kai ya sayi farasitamol, ribata ta fito daga mutumin da yake buƙatar maganin, wanda ba shi da niyyar zama mai kemis, kuma gobe idan buƙata ta taso zai dawo da ƙafarsa. A wancan tsarin kuwa, ki bincika da kyau ki ga ko akwai wanda yake sayen shayin alhali shi ba mamba ba ne, ba kuma kunyar ɗan'uwansa ce ta sa ya saya ba. Abin da na gani shi ne kusan babu. Farashin kayan ya ninka na makamantansu a kasuwa sau da yawa, kuma dole ya ninka, domin a cikin kuɗin kwali ɗaya ake cire kason wanda ya kawo ki, da na wanda ya kawo shi, da na waɗanda ke sama da su hawa-hawa. Wanda yake da zaɓi ba zai saya a wannan farashi ba, saboda haka sai tsarin ya mayar da mamba ya zama shi ne mai saye. Za a gaya miki, galibi bayan kin riga kin biya, cewa sai kin sayi kaya na wani adadi duk wata kafin a ci gaba da ƙirga makin da kike tarawa, in ba haka ba ladan da kika tara ya zube.

Na ga inda wannan sharaɗi yake kai mutum. Wata malamar firamare, mace mai kamun kai da nake girmamawa, ta zo mini da jakar bakko cike da kwalayen shayi da man goge baki, ta zazzage su a kan kantar shagona tana cewa in taimaka mata. Da na juya kwalayen na duba, wa'adin yawancinsu saura wata biyu ko uku ya ƙare. Wata bayan wata take saye da albashinta don kada ta faɗo daga matsayin da aka ba ta, har ta ci bashin ƙungiyar malamai, kuma a cikin littafin kamfanin duk waɗannan kwalaye an rubuta su a matsayin ciniki, an raba wa na sama ladansu tuntuni. Ban iya karɓa ba, domin na san ba wanda zai saya a unguwarmu, kuma yadda ta mayar da su cikin jakar ɗaya bayan ɗaya ba ta ce komai ba yana cikin abin da ya sa nake yi miki wannan dogon rubutu.

Maganar mutum biyu kuwa, lissafi ne da za ki iya yi da biro a bayan takarda. Biyu su kawo huɗu, huɗu su kawo takwas, a haka har hawa na 20, inda ake buƙatar sababbin mutane sama da miliyan ɗaya a wannan hawa kaɗai. A hawa na 28 ana buƙatar sama da miliyan 268, wato fiye da mutanen Najeriya gaba ɗaya har da jarirai. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, a duk ranar da aka tsaya aka ƙirga, kusan rabin mambobi suna hawa na ƙarshe ba su da kowa a ƙarƙashinsu, kashi ɗaya cikin huɗu kuma mutum biyu kacal gare su, waɗanda ladansu bai isa ya mayar da kuɗin rajista ba. Ke nan kashi uku cikin huɗu suna cikin asara ko da kowa ya yi iya ƙoƙarinsa, domin ginin ne haka, ba lalacin kowa ba. Tamkar dalar gyadar Kano ce ta da, buhu ɗaya ne a ƙololuwa ana hango shi daga nesa, dubbai kuma suna ƙasa suna ɗauke da nauyinsa.

Tunda lissafin ba zai jure bincike ba, sai aka ƙware wajen hana mutum natsuwar yin sa, kuma ina ganin kin riga kin ga wasu daga cikin dabarun. Ba a faɗin sunan kamfani ko irin aikin a waya, sai dai a ce akwai wata dama, ki zo ki gani da idonki, domin an san idan kika ji sunan za ki bincika ko ki tambayi wani. Wani abokin cinikina ya matsa mini har na bi shi irin wannan taro. Zaure ne cike da kujerun roba, kiɗa yana tashi, an zuba tsofaffin mambobi a tsakanin baƙi suna tafi a duk inda ya kamata a tafa. Wani matashi cikin kwat ya hau mumbari yana nuna hotonsa a jikin mota da hotonsa a Dubai, ya ce albashi bauta ce, digiri kuma takarda ce kawai. Wata mata ta karɓi abin magana ta yi kuka tana ba da labarin yadda take a da. Da aka ba da damar tambaya na ce ina son a nuna mana a rubuce, a cikin dukan waɗanda suka yi rajista bara, mutum nawa ne suka mayar da kuɗinsu bayan an cire kayan wata-wata da kuɗin mota da na kati. Sai mai jawabin ya yi murmushi ya ce da jama'a irin wannan tunani ne yake dawwamar da mutum cikin talauci, aka tafa masa, aka wuce. Kafin a tashi an sanar cewa rangwamen rajista a daren nan zai ƙare, kuma na tabbata a taron mako mai zuwa ma haka aka faɗa.

Bayan an biya ne ake shiga abin da ya fi damuna. Za a zaunar da ke a ce ki buɗe wayarki ki rubuta sunayen duk wanda kika sani, tun daga 'yan ɗakinku da dangin mahaifiya har 'yan ajinku na Islamiyya da waɗanda kuka yi bautar ƙasa tare. Abin da kamfanin yake saye a wurinki ke nan, wato amanar da mutane suka ba ki, wadda shi ba zai taɓa samu da talla ba. Za a koya miki kada ki yi shawara da iyaye ko miji tukuna, wai masu hassada da masu mugun baki suna kashe wa mutum gwiwa. Idan kin ce ba ki da kuɗi, za a ce ki ranta, ko ki sayar da waya ko ɗan kunne ko keken ɗinki, ai cikin wata biyu za ki mayar. A garin nan na ga an bi ta ƙungiyoyin mata na masallaci da na coci duka, ana kiran abin taimakon juna. Ranar da abin ya ƙi, ba wanda zai ce tsarin ne da laifi, sai a ce ba ki dage ba, a sayar miki da tikitin wani taron horaswa. Akwai ma nau'in da ya fi wannan muni, inda ake kiran matasa daga Jos da sauran garuruwa da sunan an samo musu aiki a Abuja, a tara su a gida ɗaya, a sa su bugo wa iyaye waya su turo kuɗi. A watan Maris na 2025 hukumar EFCC ta kama mutum 133 a wani wuri a Gwagwalada da ake horar da matasa shigar da mutane irin wannan tsari.

Game da rajista, takardar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana nuna cewa an yi wa suna rajista ne kawai, kuma mai shagon ɗinki ma yana iya samunta. Ba ta tabbatar da cewa hanyar samun kuɗin kamfani mai tsabta ce. Duk wanda yake karɓar kuɗin jama'a don zuba jari da alkawarin riba, hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta SEC ce take ba shi izini, kuma dokar zuba jari da aka sa wa hannu a 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu gudanar da tsarin biyan tsofaffin mambobi da kuɗin sababbi. Lambar NAFDAC a kan maganin gargajiya ko ƙwayar ƙarin lafiya ita ma ba shaida ce ta cewa yana warkar da cuta ba, shi ya sa za ki ga an rubuta a jikin da yawansu da ƙananan haruffa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. A nan ne sana'ata ta sa nake jin zafin abin fiye da kowa. Mamba da kaya suka yi masa kwantai zai faɗi komai don ya sayar, ya ce shayi ɗaya yana maganin ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa. Wani dattijo da ya daɗe yana karɓar maganin suga a wurina ya ɗauke ƙafa, ashe ɗan ƙaninsa ne ya sa shi ya ajiye maganin asibiti ya koma shayi, sai da aka kwantar da shi da gyambo a ƙafa. Idan kika shiga, irin wannan magana za a sa a bakinki, kuma alhakin a wuyanki zai rataya, ba a wuyan mai kwat ba.

Za su ce miki su ba MMM ba ne, tunda suna da kaya. Gaskiya ne akwai bambanci. MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata ba tare da sayar da komai ba, ta kulle asusun mutane a Disambar 2016, CBEX ma ta rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025. Masu kaya sun fi daɗewa, domin asararsu a hankali take zuwa, kowa yana ɗaukar tasa shiru a ɗakinsa. Amma kaya ba ya wanke tsari idan ladan daga shigar da mutane yake fitowa. Ko a Amurka, a 2016 hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta sa kamfanin Herbalife ya biya dala miliyan 200, ta kuma tilasta masa ya ɗora ladan mambobi a kan cinikin da aka tabbatar an yi wa masu saye na gaskiya. Ban ce duk sayar da kaya gida-gida haramun ne ba, ai dillalai mata sun daɗe suna yi, suna karɓar atamfa su kai gidaje su ci la'adarsu. Sai dai dillaliya ba ta biyan kuɗin shiga, ba a tilasta mata saye duk wata, kuma abin da bai sayu ba tana mayar wa mai shi. Wasu kuma za su ce ai kamar adashe ne, alhali a adashe mutum goma suka zuba, mutum goman nan ne za su kwasa, kowa ya karɓi daidai abin da ya zuba, ba a jiran baƙo na goma sha ɗaya kafin a biya kowa. Ta fuskar addini, kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya haramta irin wannan ciniki tun shekarar 1425 ta Hijira, saboda abin da ake nufi shi ne ladan ba kayan ba, ga garari, wato ciniki cikin rashin tabbas, da cin dukiyar mutane ba da haƙƙi ba. Idan za ki tambayi malami, ki kai masa tsarin biyan ladan gaba ɗaya, kada ki tsaya a kan cewa ana sayar da shayi.

Ƙawarki kuwa, na yarda ba maƙaryaciya ba ce. Mai yiwuwa ta yarda da abin da aka gaya mata, kuma ta riga ta zuba kuɗin da ba za ta gan shi ba sai ta shigar da wani, shi ya sa take kiran ki safe da yamma. Kada ki ce mata ba ki da kuɗi yanzu, domin an koya mata amsar wannan, kuma za ta dawo ƙarshen wata. Ki gaya mata cikin mutunci cewa kin yi shawara da na gaba da ke, ba za ki shiga ba, kuma ba za ki ba da lambar kowa ba. Idan ta saurare ki, ki roƙe ta ta rubuta duk abin da ta kashe tun ranar da ta shiga a gefe ɗaya, abin da ya shigo asusunta a ɗaya gefen, ta kuma daina sayen kayan wata-wata ko da za a ce makinta ya zube. Ta adana rasit da shaidar tura kuɗi da saƙonnin da aka yi mata alkawari a ciki, ta nemi a mayar mata da kuɗin kayan da ba ta buɗe ba a rubuce, idan an ƙi ta kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, ko EFCC idan abin ya kai ga damfara. Waɗanda ta riga ta shigar kuma, ta kira su da kanta ta gaya musu halin da ake ciki kafin su ƙara zuba wani kuɗin.