Ku Tambaya: Iyafis, data da hira da baƙi a cikin gem

Daga Kano: Mu huɗu ne muke buga PUBG Mobile kullum bayan Isha. Na tara ɗan kuɗi zan sayi abin sauraro. Na Bluetooth zan saya, ko irin babban nan mai rufe kunne da fitilu?

Ɗan'uwa, ni dai da ni ne, duka biyun zan tsallake in sayi iyafis mai igiya mai makirfo, wanda robarsa ke shiga kunne ta toshe. Sauran canjin ka zuba data.

Dalilina na farko jinkiri ne. Kafin sauti ya bar wayarka ya iso kunnenka ta Bluetooth sai an dunƙule shi, an aika, an kwance, kuma a yawancin masu araha wannan tafiyar takan ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Mai sauraron wa'azi ko waƙa ba ruwansa da wannan. Kai kuwa da kake laɓe a bene kana jiran takun abokin gaba, kafin ka ji sawunsa a matakala ya riga ya leƙo ɗakin. Dalili na biyun ya fi ciwo, kuma masu shago ba sa faɗa: da zarar ka kunna makirfon Bluetooth, galibinsu sukan koma tsarin kiran waya, sautin ya dushe, kunnen dama da na hagu su riƙa ba ka abu ɗaya. A PUBG kuwa rabin wasan kunne ne. In ba ka bambance harbin da ya fito ta dama da wanda ya fito ta hagu, ka zama makaho da ido biyu.

Shi kuma mai fitilun, fitila ba ta ƙara ji. Ga zafin Kano: ka ɗora soso a kunne awa biyu a watan Afrilu, ba wuta ba fanka, ka dawo ka ba ni labari. Kafin ka biya kuɗin mai igiyar, duba ko wayarka na da ramin iyafis. Da yawa daga cikin Tecno da Infinix suna da shi. In babu, sai ka haɗa ta ramin caji, ka ga ke nan ba caji yayin wasa sai da ɗan mahaɗi mai baki biyu. Kuma kada ka bar shagon sai ka jona, ka ɗauki muryarka, ka saurara, sannan ka ɗan murɗa igiyar daga gindinta ka ji ko sauti na yankewa. Nan suke fara mutuwa.

Daga Maraɗi: Abokaina sun rabu biyu, wasu na cewa mu riƙa kiran WhatsApp muna wasa, wasu Discord. Wanne ya fi rangwamen data?

Murya ba ita ke cinye maka data ba. A Discord, manhajar nan ta hira da murya da rubutu, ɗakin murya na yau da kullum yana tafiya kan kilobit 64 a sakan, wato kusan megabayit 30 a awa in mutum ɗaya ya yi ta zuba ba numfashi. Bidiyo da nuna fuskar waya su ne masu haɗiya, sai ka kashe su.

In ku huɗu ne kacal, kuma wayarku ba ta da ƙarfi, ku yi amfani da makirfon cikin gem ɗin, domin kowace manhaja da ka bari a buɗe a baya tana ƙara wa wayar nauyi da zafi. Ka dai tabbata ka saita shi a kan tawagarka. In kuma kun zama ƙungiya, kuna shirya gasa, Discord ya fi. Tun 2015 da aka fito da shi don 'yan gem aka gina shi: ɗaki na nan a buɗe, mai zuwa ya shigo, mai tafiya ya fita, kana iya rage muryar wannan abokin naka mai ihu shi kaɗai, akwai kuma abin tace hayaniya da ke rage ƙarar janareto. Na kyautar ya ishe ku, kada kowa ya biya Nitro, wato tsarin Discord na kuɗi, saboda magana. WhatsApp aibinsa ɗaya ne babba: duk baƙon da kuka jawo na iya ganin lambarka.

Daga Zariya: Ɗana shekararsa 12, ina jin sa da dare yana hira da wasu a Free Fire. Jiya ya ce wani "abokinsa" zai ba shi lu'ulu'un wasan kyauta in ya koma Discord. In ƙwace wayar?

Hajiya, hankalinki bai tashi a banza ba. Ƙa'idar Discord kanta shekara 13 ce mafi ƙaranci, saboda haka wannan ƙofar a rufe take yanzu. Kuma janye yaro daga inda kowa ke ji zuwa inda za su keɓe, tare da alkawarin kyauta, tsohuwar hanyar macuta ce. Mai son saya wa wani lu'ulu'u, wato kuɗin cikin wasan, da gaske lambar ɗan wasan kawai yake buƙata. Duk wanda ya nemi kalmar sirrin Facebook ko Google ɗin da aka haɗa wasan da shi, ko lambar da aka turo ta saƙo, ɓarawo ne.

Ƙwace wayar kuwa, gobe zai ari ta abokinsa, ke kuma ba ki ji ba ki gani. Zauna kusa da shi ya nuna miki jerin abokansa, ki tambaye shi ɗaya bayan ɗaya wa ya sani ido da ido. Wanda bai sani ba a goge, wancan mai kyautar a toshe shi. A fuskar wasan akwai alamar makirfo da ta lasifika, ya kashe su duk lokacin da aka haɗa shi da baƙi. Wasan ya dawo falo, ba iyafis, kuma wayar ta kwana a ɗakinki.