Aljanin da ba a yi wa iyaka ba shi ke kashe labari

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga Garwa ta ƙasar Kamaru nake. Na kammala littafina na farko, babi 62, ina sakinsa a WhatsApp. Labarin 'yar masunta ne a Lagdo, garin da ke bakin dam, wadda aljanin ruwa ya kamu da sonta, ga kuma wani malamin makaranta yana neman aurenta. Da farko in na makara har faɗa ake yi mini, amma daga babi na 30 sai kowa ya yi tsit. Wani mai gyaran littafi ya ce in ba shi jaka 40 ya ƙara mini aljanu da ban tsoro. Ga littafin nan na turo. Don Allah ka faɗa mini gaskiya, in haƙura da rubutu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ki haƙura, ƙanwata, kuma ki riƙe kuɗinki.

Hannunki yana da kyau. Lagdo ɗinki tana numfashi: warin bandar kifi, kwalekwale da asuba, tsofaffi masu tuna garuruwan da ruwa ya ci bayan an kammala dam a 1982, da yadda magana ke zagaye gari kafin azahar. Fulatanci da Faransancin da ke faɗowa cikin hirar mutanenki ma ki bar su, haka ake magana a nan. Ƙananan matsalolin ba su da wuya. Babi huɗu na farko tarihin dangi ne, ki matse su su koma shafi biyu. Kwatancen atamfa da kwalliya ki rage kashi biyu cikin uku. Malamin makarantar nan kuma ba shi da aibi ko ɗaya, shi ya sa ba wanda ya damu ko ya aure ta ko bai aure ta ba.

Abin da ya kori masu karatunki shi ne wannan mugun zato da ya cika rubutun matasa, wai tunda aljani ne, komai zai iya. A babi na 7 aljaninki ba ya iya nisa da bakin ruwa. A babi na 31 ga shi can a birnin Ngaundere mai nisa yana sace takardar jarrabawa. A 44 ya san ranar da mahaifinta zai rasu. Daga nan mai karatu ya gane duk ramin da yarinyar ta faɗa za a ciro ta ba gumi, to me zai zauna jira?

Wa ya ce aljani ba shi da iyaka? Alƙur'ani ya nuna ba su san gaibu ba: a Suratu Saba'i, aya ta 14, suna ta wahalar aiki Annabi Sulaiman (AS) ya riga ya rasu, ba su sani ba sai da gara ta ci sandarsa. Ko a bori kowane iska da kiɗansa, da kalar kayansa, da dabbar da yake karɓa. Sarkin Rafi ba ya shiga hurumin Inna. Dodon tatsuniya ma yana da lago. Masu karɓar kuɗi su ce "ƙara aljanu" ba su san wannan ba. Ƙarin aljani a littafinki kamar ƙara gishiri ne a miyar da gishiri ya ɓata.

Ki ɗauki takarda ɗaya. Rubuta abu uku da yake iyawa, uku da ba ya iyawa, da abin da kowane taimako zai ci wa yarinyar: barcinta, mutuncinta a gari, ko amincewar mahaifiyarta. Ki nuna dokokin nan kafin babi na 3 ya ƙare. Sai ki bi littafin da jan biro, duk inda aka karya doka ki soke ko ki sake. Za ki ga babi 62 sun dawo wajen 35. Doka ɗaya kawai za a karya, kusa da ƙarshe, kuma wani ya biya ta da tsada. Batun auren aljani da mutum ma kada ki tsallake shi kamar ba komai. Malamai sun yi saɓani, kuma an ruwaito Imam Malik ya ƙi shi don kada mace ta yi ciki ta ce na aljani ne. Ga rikicin da zai girgiza ƙaramin gari, kin bar shi a ƙasa.

Sai babi na 38, wanda ya fi damuna. Yarinya ta faɗi, jiki na karkarwa, kumfa a baki, ta farka ba ta tuna komai. Wannan siffar farfaɗiya ce sak, cutar ƙwaƙwalwa mai magani, wadda kusan 7 cikin 10 na masu ita ke daina faɗuwa in suna shan magani yadda ya kamata. Ke kuwa kin sa an turara mata hayaki, an zane ta da bulala, ta warke. Ki ji tsoron Allah a wannan babin. Akwai uwar da za ta karanta, 'yarta tana faɗuwa haka, ta kai ta wurin mai bulala maimakon asibiti. In aljaninki zai zo, ki ba shi alamarsa ta daban: jiƙaƙƙen sawu a ƙofar ɗaki, ko komar babanta ta cika da kifi ranar da kowa ya dawo hannu rabbana.