Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Turawa ma sun yi fim ɗin soyayya da waƙa?

TAMBAYA: Salam, don Allah ku raba mana gardama ni da yayana, shi ya ce rawa da waƙa a fim Indiyawa ne kaɗai suke yi sai mu da muka kwaikwaya, ni kuma na ce na taɓa ganin wani tsohon fim ɗin Amurka baƙi da fari mace da namiji suna rera wa juna waƙa. Wa ya fi gaskiya?
Daga wata mai karatu a Zariya

AMSA: Wa'alaikis salam ƙanwata, ki ce wa yaya ya biya tara domin ke ce da gaskiya. Tun da fim ya fara magana a 1927 mutanen Hollywood suka rungumi waƙa, kuma a shekarun 1930 lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye mutane ba aiki ba kuɗi, irin wannan fim ɗin ne yake cika sinima, mutum ya biya ɗan canjinsa ya je ya manta da damuwa na awa biyu.

Ina kyautata zaton Jeanette MacDonald da Nelson Eddy kika gani. Fim 8 suka yi tare a kamfanin MGM, daga Naughty Marietta a 1935 zuwa 1942, ita muryarta siririya mai tashi sama shi kuma tasa mai kauri, dama can mawaƙin dandali ne kafin ya shigo fim, kuma da bakinsu suke rerawa ba wani ke musu ba. Gaskiya a wajen aktin Nelson bai wani iya ba, tsayawa yake ƙiƙam kamar an dasa shi, amma da ya buɗe baki shikenan an yafe masa. Masoyansu sun so a ce sun yi aure, sai ita ta auri jarumi Gene Raymond a 1937 shi ma ya yi nasa auren a 1939. Ta rasu a 1965, shi kuma a 1967.

Abin da ya fi burge ni shi ne dalilin da waƙar ta samu wannan matsayi. Daga 1934 aka tsaurara dokar tace finafinai a Amurka, an hana sumbata mai wuce gona da iri da duk abin da ya shafi ɗakin kwana, to darakta ya zai nuna soyayya ta kai maƙura? Sai ya tsayar da su fuska da fuska su kwashe minti uku suna amsa wa juna baiti, mai kallo ya gane komai. Duk mai kallon Kannywood ya san wannan dabarar, tunda mu nan ko hannu ba a riƙewa.

Sai Fred Astaire da Ginger Rogers, su fim 10 suka yi, farawa daga 1933, suna waƙa amma rawa ce ta fi fito da su.

TAMBAYA: Shin su ma suna da masu rera musu waƙa a ɓoye jarumi ya motsa baki kawai?
Daga wani mai karatu a Maraɗi

AMSA: Sosai ma malam, sai dai su ɓoyewa suke ba kamar Indiya ba inda mawaƙin bayan fage yake da suna kamar jarumi. Marni Nixon ce ta yi wa Deborah Kerr waƙa a The King and I na 1956, ta yi wa Natalie Wood a West Side Story na 1961, ta kuma yi wa Audrey Hepburn mafi yawan waƙoƙin My Fair Lady a 1964, kuma duk ukun nan ba a rubuta sunanta a jikin fim ɗin ba.